Sunan Hajo a Rajista

Ranar Litinin ɗin da Kailani zai kama aikin koyarwa, tun da sassafe ya sa farar rigarsa, ya goge takalminsa har sau biyu, ya tsaya tsakar gida yana ta gyara zaman hula. Mahaifiyarsa, Inna Kulu, tana zaune bakin murhu tana dama koko, tana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Zauna ka karya," in ji ta. "Makarantar ba guduwa za ta yi ba."

"Inna, malami ba ya latti. A aikin nan taim shi ne komai."

"To, Bature. Karɓi dai ka sha." Ta miƙa masa ƙoƙo. "Abu ɗaya zan gaya maka. Tun kana rarrafe hannunka ke riga hankalinka isa wuri. 'Ya'yan mutane za a ba ka, ka bi a sannu."

Ya yi dariya, ya kurɓi kokon a tsaye, ya ja kekensa ya fita.

A shekarar 1954 ke nan. Kailani yana da shekara ashirin da ɗaya, bai daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba, aka turo shi wata elementare mai aji uku a gefen Tudun Wada, ta wajen hanyar Gyallesu. Mahaifinsa ya rasu tun yana goye, Inna Kulu ce ta raine shi da sana'ar koko da ƙosai. Buri biyu ne a ransa. Na farko, ya ga 'ya'yan unguwarsu sun iya karatu, maza da mata. Na biyu, ya kawo wa Inna surukar da ta daɗe tana so, wato Maijidda, 'yar Malam Nagoda maɗinki, mai shago a bakin kasuwa. An riga an kai goron tambaya, an amsa, an sa rana bayan kaka.

Da ya shiga aji ɗaya ya ƙirga yara, ya sami maza talatin da takwas, mata biyu. Abin ya tsaya masa a rai. Ba a yi wata guda ba Hedimasta ya tara malamai ya ce hukuma tana son a ƙara 'yan mata, don haka duk malamin da ya san gidan da ke da yarinyar da ta isa shiga, ya rubuto sunanta a kai wa mai unguwa.

Nan take Hajo ta faɗo wa Kailani a rai. Ƙanwar Maijidda ce, 'yar shekara bakwai, ga kaifin ƙwaƙwalwa. Ya sha ganinta a ƙofar gida tana zana haruffan jikin gwangwanin madara a ƙasa da tsinke, ba wanda ya koya mata.

Da la'asar ya je zance. Maijidda ta fito zaure ta shimfiɗa masa tabarma, ta zauna gefe tana wasa da bakin gyalenta. Bayan gaisuwa ya kawo maganar.

"Hajo fa ba ta zaman gida ba ce. Yarinyar nan in ta sami makaranta, wata rana malama za ta zama, ko nas."

Fuskar Maijidda ta canja. Ta dubi ƙofar cikin gida, ta sassauta murya.

"Malam, na roƙe ka, ka bar ni da Baba a kan wannan. Na daɗe ina lallaɓa shi. Kada ka taɓa masa maganar, kada kuma ka yi komai."

"Har yaushe? Ƙasar nan furogiras take nema, wato ci gaba, ana ta batun mulkin kai, mu kuwa muna ɓoye 'ya'ya a ɗaka."

"Akwai abin da ba ka sani ba, ba kuma a bakina za ka ji shi ba. Ka dai yi haƙuri."

Ya ce to. Amma a hanyar gida ya riƙa gaya wa kansa ai tsoro ne irin na mata, kuma in takarda ta fito daga sama, tsoho zai yi 'yan faɗace-faɗacensa ya haƙura, daga baya ma ya gode. Washegari ya ɗauki alƙalami ya rubuta: Hajo Nagoda, shekara bakwai, gidan maɗinki.

Bayan kwana takwas, kasuwa na tsakiyar ci, ɗan doka da yaron mai unguwa suka tsaya ƙofar shagon Malam Nagoda, suka kira sunan Hajo da ƙarfi. Tsohon ya ce 'yarsa ba ta zuwa ko'ina. Aka tasa shi gaba ana kallo, aka kai shi gaban hukuma, ya wuni tsugune a rana kafin a saurare shi. Aka yi masa kashedi aka sallame shi. Mutumin da bai taɓa taka ƙofar shari'a ba, ya dawo gida rawaninsa a hannu. Kashegari aka kawo Hajo makaranta tana kuka har muryarta ta dushe.

Da Malam Nagoda ya tambayi wanda ya ba da sunan, yaron mai unguwa ya ce, "Ai surukinka ne, Malam. Na ɗauka da saninka."

Kailani ya je gidan da yamma, ya tarar da zaure cike da maƙwabta sun zo jaje. Ya durƙusa ya gaida tsohon. Da a nan ya tsaya ya ba da haƙuri, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Amma da ya ji ana ta zagin boko, jininsa ya hau.

"Baba, ni alheri na nufa. Wannan duhun kan shi ya bar mu a baya—"

Shi kansa ya ji nauyin kalmar bayan ta fita, amma magana zarar bunu ce.

Malam Nagoda bai ɗaga murya ba. Ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce, "Na ji, Malam. Ka ɗauki ƙaramar da alƙalami, ba yadda na iya. Babbar kuwa ba da alƙalami ake ɗaukarta ba. Tashi ka tafi."

Kafin magariba aka dawo wa Inna Kulu da kayan da aka kai, ko ƙwaryar goro ba a bari ba. Ta zauna ta zuba wa kayan ido. Wannan kallon ya fi masa duka ciwo.

Bayan kwana uku ya ci karo da Maijidda ta ɗebo ruwa a famfo. Idanunta sun kumbura. Ta tsaya da tulu a kai, ba ta dube shi ba.

"Ƙiris ya rage," in ji ta. "Baba ya ce mini bari damina ta wuce, shi da kansa zai kai Hajo makaranta, tunda kai ne malamin. Don ya yarda da kai ne ya ce haka."

"Maijidda, ban sani ba."

"Na roƙe ka, ka ce mini to." Hawaye suka gangaro mata. "Ba zan saɓa wa Baba ba. Ba kuma zan saurari wani ba. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Ta wuce, ruwa na tsiyaya a kafaɗarta.

Wanda ya warware masa abin shi ne Linus, wani ɗan kasuwa mutumin Gabas, mai kanti jikin shagon Malam Nagoda. Ya fi shekara ashirin a ƙasar Zazzau, Hausa a bakinsa kamar ɗan gida. Kailani ya shiga sayen kananzir, Linus ya jawo masa benci ya ce ya zauna.

"Tica, ka taɓa jin sunan Sabo a gidan nan?"

"A'a."

"Ba za ka ji ba, an daina faɗarsa. Shi ne ɗan farin Nagoda. Lokacin muna zaune a wani ƙauye, ina awon gyaɗa, shi yana ɗinki. Yaron ya yi ƙoƙari a elementare, aka ɗauke shi zuwa makarantar kwana a wani gari mai nisa. Nagoda da hannunsa ya ɗinka masa riguna, yana ta alfahari. Da bazara ciwon sanƙarau ya shiga makarantar. Ba wanda ya aiko. Sai bayan kwana goma sha biyu da binne yaron takarda ta iso. Nagoda ajami ya iya, bai iya boko ba, sai ya kawo mini in karanta masa, yana murmushi, ya ɗauka yaron ne ya rubuto gaisuwa." Linus ya share fuska da tafin hannu. "Ni na karanta masa. Har yau bai san inda kabarin yake ba. Shi ya sa ya baro ƙauyen. Wannan shi ne duhun kan da ka faɗa."

Kailani ya fita ya manta da kwalbar kananzir ɗin. Da ya isa gida ya zauna gaban Inna ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ta bar shi ya yi mai isarsa.

"Kuka ba ya ɗinke ɓaraka," in ji ta. "Ka zubar da mutuncin dattijo a gaban jama'a, sai ka je ka tsince shi da hannunka, ko shekara nawa zai ɗauke ka."

Ita da kanta ta je da dattawan unguwa biyu ban haƙuri. Malam Nagoda ya karɓe su da mutunci, ya ce ya yafe don Allah, amma batun aure a bar shi. Daga nan Kailani ya ɗauki al'ada: duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya je shagon ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, kun wuni lafiya?"

"Lafiya," tsohon zai ce, ƙafarsa na kan keken ɗinki, idonsa na kan allura. Daga nan ba ƙari. Kailani ya ɗan jima a durƙushe, ya tashi.

A makaranta ma abin bai yi masa daɗi ba. Hajo ta yi wata huɗu ba ta buɗe baki a aji ba, in ya matso kusa sai ta sunkuyar da kai tana rawar jiki. A unguwa kuwa an sa masa suna Mai Rubuta Suna. In ya ratso lungu a kan keke, sai ya ji mata na kiran 'ya'yansu su shige gida. Shi da ya zo da niyyar cika aji da 'yan mata, sai ga shi ɗaya daga cikin biyun da ya tarar ma an tura ta wurin kakarta a Dutsen Abba.

Da shekara ta zagayo aka sake neman sunaye, ya ce wa Hedimasta shi ba zai rubuta ko ɗaya ba sai wanda uban yarinya ya faɗa da bakinsa. Ya shiga bin zauruka bayan la'asar. Ba ya zuwa da lacca. Ya zauna a ƙasa, ya ji ta bakin masu gida. Wani tsoronsa kada 'yarsa ta raina shi, wani tallan da take yi shi ke ciyar da gidan, wani kuwa cewa ya yi ba a koyar da salla a can. Ya roƙi alfarma aka kawo malamin addini yana zuwa kullum da safe. Ya yi alkawari duk yarinyar da ba ta ji daɗi ba, shi da kansa zai rako ta gida. A wannan shekara 'yan mata uku ya samu. Ya ƙirga su, ya tuna da irin cika bakin da ya yi ranar farko, ya ji kunya.

A hankali Hajo ta saki jiki. Ranar da ta fara ɗaga hannu ta ba da amsar lissafi, ya juya ga allo ya daɗe yana gogewa don kada yara su ga idonsa.

Maijidda kuwa masu nema sun yi ta zuwa, har da wani akawun jirgin ƙasa mai gidan kwano. Ta ƙi fita. Mahaifinta bai matsa mata ba, bai kuma sauko ba. Sa'o'inta duk suka yi aure, wasu har da goyo. Matan unguwa suka riƙa yada mata magana a gidan biki, ta daina zuwa. Labarin duk yana isa kunnen Kailani, ya san shi ne sanadi.

Cikin damina ta biyu Inna Kulu ta kwanta. Tari ne ya fara, daga nan ƙafafu suka kumbura. Ya kai ta asibiti, aka ba da magani, abin ya ƙi. Wata ranar Alhamis da hantsi ta kira shi, ta nuna masa wata tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado.

"Akwai zane saƙi a ciki, shekara uku ina ajiyarsa don yarinyar nan. Na so in ɗaura mata da hannuna." Ta numfasa. "Kada ka daina zuwa gaida ubanta."

Kafin azahar, Inna ta cika. Linus ne ya kai wa Malam Nagoda labari. Tsohon ya ture ɗinkin da ke gabansa, ya yanko farin alawayyo, ya ɗinka likkafanin da kansa, ya kawo. Ya bi gawa har maƙabarta, ya yi wa Kailani ta'aziyya kamar yadda kowa ya yi, ya koma shagonsa. Kailani ya dawo gidan da ba kowa, ya dubi murhun da ya mutu. Ya san da ya riƙe alƙalaminsa wata uku kacal, da Inna ta ga aurensa, wataƙila har ta goya jika. Wannan tunanin bai taɓa barinsa ba.

Ran Juma'a ya je gaisuwa kamar kullum.

Bazarar 1957 ta zo da zafi mai tsanani, sanƙarau ya ɓulla a gari. Wata safiya Kailani yana koyar da aji uku, ya lura Hajo ta kifa kai a kan tebur. Ya taɓa goshinta, zafi kamar garwashi. Ya ce ta sunkuyar da kai, wuyan ya ƙi lanƙwasuwa. Ya ruga ya sanar da Hedimasta.

Hedimasta ya ce, "Umurnin da aka ba mu, a wuce da yaro asibiti kai tsaye, a aika wa iyaye takarda daga baya."

"Ranka ya daɗe, zan kai ta. Amma ta shagon ubanta zan bi, kan hanya yake."

"In aka tambaye ni fa?"

"Ka ce ni na ƙi jin magana."

Ya goya ta da rawanin wani malami, ya hau keke. Da ya isa bakin kasuwa ya sauka, ya shiga shagon da takalminsa, ya durƙusa da yarinyar a hannu.

"Baba, ga Hajo. Ina jin tsoron ciwon nan ne da ke yawo. A ganina a tafi asibiti yanzu-yanzu, amma ku ne ubanta, abin da kuka ce shi za a yi."

Keken ɗinkin ya tsaya. Malam Nagoda ya dubi 'yarsa, ya dubi Kailani. Ya miƙe ya karɓe ta ya saɓa a kafaɗa.

"Shige gaba," in ji shi. "Kai ka san ƙofar."

Kwana tara Hajo ta yi ana yi mata allura. Ba a barin kowa ya shiga inda take, sai tsohon ya shimfiɗa buzunsa gindin wata bishiyar maina a harabar asibitin, yana jan carbi. Kullum aka tashi daga makaranta Kailani zai zo, ya nemi ma'aikata ya ji halin da ake ciki, ya dawo ya gaya masa komai, mai daɗi da marar daɗi, bai ɓoye ko ɗaya ba. Sannan ya koma gefe ya zauna. Ran na goma aka ce ta tsallake, sai dai kunnenta na hagu ya daina ji, kuma ba zai dawo ba.

Malam Nagoda ya yi hamdala. Sannan ya ce, "Matso nan, Kailani." Rabon da ya kira sunansa shekara biyu da rabi.

"Linus ya ce ya gaya maka labarin Sabo."

"Ya gaya mini, Baba. Ku gafarce ni. Na yi magana a kan abin da ban sani ba."

"Ni ba karatu na ƙi ba. Na ƙi a ɗauki ɗana kamar buhun gyaɗa, a aiko mini da takarda." Ya share ido da bakin riga. "Ka yi laifi, ni ma na yi. Fushina ya wuce iyaka. Na tsare Maijidda tana ramewa a gabana, na hana baiwar Allah Kulu ganin abin da take so har ta koma ga Ubangijinta. Ranar da nake ɗinka likkafaninta na so in kira ka, girman kai ya hana ni. Ka turo manyanka bayan salla."

Kailani ya kifa kai a gwiwa.

An ɗaura aure mako biyu bayan ƙaramar salla, ba wani taro mai yawa. Linus ya rufe kantinsa ya zo ya zauna cikin dattawa. Da aka kawo amarya ɗakin Inna aka sauke ta, don shi ne babba a gidan. Bayan 'yan rakiya sun watse, Maijidda ta dubi bangon ɗakin, ta dubi gadon, ta ce a hankali, "Har yanzu ƙamshinta na nan." Su biyun suka zauna suna hawaye, a ranar da ya kamata a yi dariya.

Sun yi zaman lafiya, Allah ya ba su zuriya. Hajo ta koma makaranta, aka dawo da ita layin gaba saboda kunnen, ta kuma gama da sakamako mai kyau. Kafin a yi wa Kailani canjin wurin aiki, 'yan mata goma sha ɗaya ne a ajinsa, kowacce ubanta ne ya riƙo hannunta ya kawo.

Duk da haka bai taɓa ba da labarin nan da fara'a ba. In aka turo masa sabon malami mai zafin nama, yakan zaunar da shi ya ce, "Ni ma da niyyar alheri na fara, amma na shiga gidan mutane ta kan katanga. Haƙuri ya dawo mini da matata, bai dawo mini da shekarun da na ɓata mata ba, bai kuma dawo da uwata ba. Kafin ka kira mutum jahili, zauna ka ji abin da ya same shi."

Haka abin yake. Kyakkyawar niyya ba ta isa ba sai an haɗa ta da ladabi da sauraro. Mai haƙuri yana samun abin da ya nema ko an daɗe, amma abin da gaggawa ta fasa, ko an ɗinke shi, tabon yana nan.